Zan Ɗora Bene a Gidan Gadonmu, Magini Ya Ce Ba Sai Na Nemi Izini Ba

Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu shekara uku ke nan, ya bar mana gida a Kurna, cikin birnin Kano, ginin bulo marar bene mai ɗaki biyar wanda ya gina tun ban yi wayo ba. Hajiyarmu ce a ciki ita da autanmu da ke makarantar sakandare. Mu shida ne, maza uku mata uku, ni ne babba. Haya nake yi da iyalina, kuma kuɗin hayar ya fara fin ƙarfina. Na ɗan tara abin da na tara a kasuwa, ina so in ɗora bene a kan gidan in koma sama, in kuma fasa katangar gaba in fitar da shago biyu don Hajiya ta riƙa samun na cefane. Maginin da na kira ya zagaya ya ce ginin zai ɗauka, kuma ba sai na je KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ba, wai asarar kuɗi ce, duk layin babu wanda ya nemi izini. Ba a raba gadon ba tukuna, amma da na yi wa 'yan'uwana maganar sun ce, "Ba komai, Yaya." Maƙwabcinmu na baya kuma ya ji labari ya fara ƙorafi wai za a riƙa leƙa masa gida. Na riga na sayi rodi. In fara ko in dakata?

Ɗan'uwanku daga Kano.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa, Ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana.

Ka dakata. Rodin da ka saya ba zai lalace ba muddin ka ɗora shi a kan katako, ka ɗaga shi daga ƙasa, ka lulluɓe shi da leda. Niyyarka kyakkyawa ce, domin ɗan da yake neman ya koma kusa da mahaifiyarsa ya kuma samar mata abin cefane ya yi tunanin kirki. Amma tambayar da ka yi mini a kan KNUPDA ce, ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne inda ka ce ba a raba gado ba.

Gidan nan ba naka ba ne tukuna. Idan iyayen Baba ba su raye lokacin da ya rasu, kuma Hajiya ce kaɗai matarsa, to bayan an biya bashinsa an fitar da wasiyya in ya bari, ga yadda lissafin yake: a kasa gidan kashi 72, Hajiya tana da tumuninta, wato kashi 9, kowane namiji a cikinku yana da 14, kowace mace tana da 7. Naka 14 ne cikin 72, bai ma kai kashi ɗaya bisa biyar ba. Kana shirin zuba duk abin da ka tara a kan ƙasar da fiye da kashi huɗu bisa biyar nata na wasu ne.

"Ba komai, Yaya" magana ce ta ladabi, kuma na yarda da zuciya ɗaya suka faɗe ta. Sai dai ka san mu. Ƙanwa ba ta iya kallon idon babban wanta, wanda ya zama mata uba, ta ce masa a'a. Za ta ce ba komai, ta koma ɗakinta ta yi ta juya abin a ranta. Ko da kuwa har zuci ta yarda, maganar ba a kanta take ƙarewa ba. Ranar da ta Allah ta kasance a kan ɗaya daga cikinsu, kasonta na gidan ya koma ga magadanta: 'ya'yanta, da Hajiya in tana raye, da mijinta, wanda yake da rubu'i idan akwai 'ya'ya. A ranar surukinka ya zama abokin tarayyarka a gidan mahaifinka, shi kuwa bai taɓa ce maka ba komai ba. Da yawa daga cikin rigingimun gidajen gado da ke cika kotunan shari'ar Musulunci daga nan suke farawa. Wanda ya yi ginin ya ce a fitar masa da kuɗinsa kafin a raba, sauran su ce wa ya sa shi, ai ya mori zama kyauta shekara da shekaru. Babu takarda, shaidu sun rasu ko sun manta, kuɗin da aka kashe a da kuma ba shi da darajar da yake da ita a lokacin. Sai ka ga 'yan uwa ɗaya uba ɗaya sun daina zuwa sunan juna.

Ga kuma autanku. Yaron da yake sakandare, idan bai kai munzalin da zai iya sarrafa dukiyarsa ba, "ba komai" ɗinsa ba ya ɗaure komai. Kasonsa dukiyar maraya ce, kuma ba wanda yake da ikon yafe ta a madadinsa, ko kai, ko Hajiya. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka kai maganar gaban alƙali ko malamin da ya san rabon gado, maimakon ku ƙare ta a tsakar gida bayan sallar isha'i.

Abin da nake ganin ya fi maka shi ne a kira masu kimanta gida, mutum biyu da ba su da alaƙa da juna, su yi wa gidan kuɗi yadda yake a yau, kafin a taɓa ko bulo ɗaya. Sai a zauna, da kawunnanku na ɓangaren Baba da na Hajiya, kowa ya ji nawa ne kasonsa a naira. Idan kana da hali, ka fanshi kason waɗanda suke son sayarwa, ka biya su a hannu ko a rubuta lokacin biya. Wanda ya ce zai bar maka kyauta, a rubuta kyauta ce, ya sa hannu a gaban shaidu, kuma ka bar shi ya kwana da maganar ya yi shawara da wanda ya ga dama, kada a karɓi amsarsa a zaman farko. A rubuta cewa Hajiya tana zaune a ɓangarenta iya rayuwarta, tumuninta kuma yana nan. Idan ba za ka iya fansa ba kuma suna so gidan ya zauna na kowa, a rubuta cewa saman da za ka gina naka ne, da hanyar hawansa, da yadda za a yi da shi ranar da aka tashi sayarwa. A kai takardar kotu a tabbatar da ita.

Wataƙila idan ka ji kuɗin fansar, ka haɗa da na benen, za ka ga ya fi maka sauƙi ka gyara wa Hajiya gidanta yadda yake, ka sayi fili naka na kanka a inda ƙarfinka ya kai ka fara da ɗaki biyu. Idan lissafin ya kai ka can, kada ka ɗauka ka gaza. Na fi son in ji kana cikin ɗaki biyu da sunanka a takarda da in ji kana saman bene kana jiran ranar sammaci.

To a ce an warware wannan. Sai maganar magini da ya zagaya ya ce ginin zai ɗauka. Me ya gani? Bango ya gani da filasta. Abin da zai ɗauki bene yana ƙarƙashin ƙasa, kuma ba a ganin sa sai an tona. Gidaje marasa bene da iyayenmu suka gina a wancan lokaci, an yi su ne don su ɗauki katako da kwano, ba wani abu ba. Da yawa harsashinsu bai yi zurfi ba, ba a sa musu ginshiƙan kankare ba, wasu bulon inci shida ne, wasu ma jar ƙasa ce a ciki aka yi mata rigar siminti. Dakin, wato rufin kankaren da bene ke zama a kansa, mai kaurin inci shida yana da nauyin kilo 360 a kowace murabba'in mita. Ɗaki ɗaya mai ƙafa 12 tsawo da faɗi, dakinsa kaɗai ya kusa tan biyar, kamar ka jibge buhun siminti kusan ɗari a kan bangon. Wannan kafin a ɗora bulon sama, da rufi, da tankin ruwa, da kayan ɗaki, da mutane. Ka ninka wannan da ɗaki biyar, sannan ka tuna wace ce take kwana a ƙasa.

Ba na raina magina. Akwai waɗanda hannunsu ya fi na masu takarda kyau, kuma babu ginin da zai tashi ba tare da su ba. Amma lissafin nauyin da ƙasa da harsashi za su iya ɗauka aikin injiniyan gini ne, wanda yake da rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a ƙasar nan, yana da hatimi da lamba da za a iya bincika. Shi zai sa a tona rami biyu ko uku a kusurwoyin gidan ya ga zurfin harsashin da faɗinsa, ya ga irin ƙasar, ya sa a fasa filasta ya ga bulon, ya duba tsagewar da ke jikin bango da inda danshi yake hawa, ya tambayi ina masai da sokawe suke, domin ramin da ke kusa da harsashi yana raunana shi. Sau da yawa abin da yake biyo baya shi ne ya ce kada a ɗora komai a kan tsohon bango. Sai a haƙa sababbin ramuka, a tsayar da sababbin ginshiƙai masu nasu harsashin, su ɗauki dakin ɗin su kaɗai, tsohon bangon ya zauna a matsayin shamaki kawai. Wannan ya fi tsada, kuma yana nufin za a farfasa daɓen wasu ɗakunan. Gara ka san haka tun yanzu, kuɗinka na hannunka.

Mutanen Kano ba su manta da benen da ake kan ginawa da ya rufta a titin Beirut a watan Agustan 2022 ba, haka mutanen Jos da makarantar da ta rufta kan ɗalibai a watan Yulin 2024, inda aka rasa rayuka fiye da ashirin. Irin wannan yana zuwa ne a cikin daƙiƙa, kuma kafin ranar kowa yana ganin ginin lafiya lau yake.

Yanzu ga tambayarka. E, sai ka nemi izini. Fenti, sauya kwano, gyaran ƙofa da taga, sa tayil, waɗannan gyaran gida ne. Amma ƙara hawa, da fasa katanga a fitar da shago, sabon gini ne a idon doka. Dokar tsara birane ta ƙasa ta 1992 ta tanadi cewa ba a yin irin wannan aiki sai da izinin hukumar tsara gari, jihohi kuma kowace tana da tata dokar da hukumarta. A Kano KNUPDA ce, wadda manyanmu har yanzu wasu KASEPPA suke ce mata. A Kaduna KASUPDA ce. Suna da ikon su shafa wa gini jan fenti su tsayar da aiki, su ci tara, idan abin ya kai su rushe. Cewa duk layin babu wanda ya nemi izini ba zai kare ka ba ranar da aka zo, musamman tunda kana da maƙwabcin da ransa bai kwanta ba. Takardar ƙorafi ɗaya ta isa ta kawo su ƙofar gidan. Kuma ka lura, maginin da ya ce maka asarar kuɗi ce, idan aka tsayar da aikin zai kwashe cebur da cokalinsa ya koma wani aikin. Kai za a bari da gida buɗe, Hajiya a gidan aro.

Abin da za su nema ba ɓoyayye ba ne. Shaidar mallakar filin, zanen ginin daga ƙwararren mai zane da ke da rajista da ARCON, hukumar da ke kula da masu zanen gine-gine, zanen ƙarafa da lissafin injiniya da hatiminsa, taswirar da ke nuna inda gidan yake da iyakokinsa, shaidar biyan haraji, sai kuɗin da suka yanka. Daga nan su turo a duba wurin. A kan shaidar mallakar ne za ka ga dalilin da ya sa na fara da gado: takardar sunan Baba take ɗauke da shi, kuma ba za ka nemi izini da sunanka a kan filin da ba ka da hujjar cewa ya dawo hannunka ba. Ka nemo takardun gidan tun yau, ka ga mene ne a cikin akwatin Baba. Idan awon gwamnati ne mai C of O, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati, za ka bi ta ma'aikatar ƙasa a sauya suna da takardar rabon gado daga kotu, domin dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa mallakar ƙasar birni a hannun gwamna, kuma sauya mai riƙe da ita sai da amincewarsa. Idan kuwa awon igiya ne, takardar ciniki ce kawai da sa hannun mai unguwa, to sai ka fara neman a shigar da filin cikin rajistar gwamnati, aikin da ake bi ta ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Kano. Wannan yana cin lokaci, kuma shi ya sa mutane suke gudunsa, amma gidan da yake da cikakkiyar takarda da izinin gini ya fi daraja ranar sayarwa, kuma shi ne mai hujjar neman diyya idan aikin hanya ya biyo ta kansa.

Ka je ofishin da ƙafarka, ko ka tafi tare da mai zanen naka, wanda ya saba shigar da irin waɗannan takardu. Duk kuɗin da za ka biya, ka biya ta banki ka karɓi rasit mai sunan hukuma. Wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce ka ba shi a hannu zai fito maka da takarda cikin kwana biyu, ka yi masa godiya ka wuce. Idan izinin ya fito, ka karanta wa'adinsa da sharuɗɗansa, ka ajiye kwafi a wurin aiki, kuma ka gina abin da aka amince da shi. Izinin hawa ɗaya ba ya rufe hawa biyu.

Shagunan suna da nasu batun. Mai da wani ɓangare na gidan zama ya koma wurin kasuwanci sauya manufar fili ne, sai ka bayyana shi a cikin abin da kake nema. Kada shagon ya ci ko taku ɗaya na hanya, kada a ɗora barandarsa a kan kwata. Unguwanni nawa ne a Kano ruwa yake shiga ɗaki a watan Agusta saboda an toshe magudana da gini? Ka kuma ɗaga kai ka dubi wayar wuta da ta bi ta gaban gidan. Wayar da take nesa da gidan ƙasa tana iya zama dab da barandar bene, kuma lebura mai ɗaga rodi mai tsawon ƙafa 40 ba ya ganin ta sai ya taɓa. Idan ta yi kusa, ka je wurin kamfanin wuta na KEDCO tun kafin a fara.

Maƙwabcinka kuwa yana da gaskiya, kuma ina so ka karɓi wannan da zuciya ɗaya. Tsakar gida ita ce inda iyalinsa suke girki da wanki da shan iska ba mayafi. Taga ɗaya daga sama ta isa ta raba su da wannan sakewar har abada. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma malaman Malikiyya sun daɗe da yin hukunci a kan hana buɗe tagar da ke leƙa gidan maƙwabci. Maganin a takarda yake tun kafin a kai ga bulo: tagogin ɓangarensa a ɗaga su sama da tsayin mutum su zama na iska da haske kawai, manyan tagogi da baranda su fuskanci titi, matakala a rufe ta, ruwan indararo ya zuba a cikin gidanku ko a kwata. Idan katangar da ke tsakaninku ta haɗaka ce, ba a ɗora mata komai. Ka ɗauki zanen ka je zaurensa, kai da mai unguwa ko limamin masallacinku, ka shimfiɗa masa ya gani da idonsa. Mutumin da aka nuna wa zane tun da wuri da wuya ya kai ƙara.

Idan duk wannan ya daidaita, kada ka buɗe rufin gidan da damina. Ka bari ruwa ya ɗauke, wajen ƙarshen Oktoba, ka samu watannin rani a gabanka. Ka sa a ƙididdige maka kayan aikin duka a rubuce, ka ware aƙalla kashi ɗaya bisa goma a gefe saboda farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma kada ka yaye kwano sai kana da kuɗin da zai kai ka ga sake rufewa. Siminti ba a tara shi da yawa, yana daskarewa. Magini a biya shi mataki-mataki bisa aikin da ya kammala, da yarjejeniya a rubuce. Ranar da za a zuba dakin, injiniya ya zo ya ga ɗaurin rodin kafin kankare ya rufe shi, domin bayan nan ba mai sake ganin sa. A yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda, musamman da hunturu da iska ke busar da shi da wuri, kuma kada ka yarda a cire turakun da ke tallafe da shi don kafinta yana son kai katakonsa wani aikin. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, injiniya ne zai faɗi ranar cirewa.

Hajiya da auta ba za su kwana a gidan ba tun daga ranar da aka fara tona ramuka har a cire turakun nan. Na san za ta ce ba inda za ta, ɗakinta ne, nan Baba ya bar ta. Ka lallashe ta, ka sa ƙannenta ko wanda take jin nauyinsa su yi mata magana, ka shirya mata wuri a gidanka ko gidan ɗaya daga cikin ƙannenka, ka kuma faɗa mata gaskiyar watannin da za ta yi, kada ka ce mako biyu. Ita ma ka tambaye ta, ku biyu kawai, ko tana son benen da shagunan a ƙofar gidanta, domin a wasiƙarka ka gaya mini abin da 'yan'uwanka suka ce da abin da magini ya ce da abin da maƙwabci ya ce, ban ji nata ba.